Maganin Kansa a Cikin Ƙullin Maiƙo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lifosom

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san wahalar biyu ce, ga ta cuta ga ta magani. Allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ba ta zaɓe. Inda jini ya kai ta, nan take aikinta, ko a kan ƙarin da ake son kashewa, ko a ɓargo, ko a saiwar gashi, ko a tsokar zuciya. Tun shekarun 1970 masana ke neman dabarar ƙulle maganin cikin wani abu da zai riƙe shi har ya wuce gaɓoɓin da ba ruwansu. Dabarar da ta fi daɗewa a asibiti ita ce ta 'yan jakunkunan maiƙo da ake kira lifosom. Yau sunan yakan fito a takardar da likitan kansa ya rubuta, yakan kuma fito a tallan masu sayar da magani a intanet, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai nisa. Ga tambayoyin da marasa lafiya, masu jinya da ɗaliban kiwon lafiya suka fi yi.

Wai mene ne lifosom ɗin nan?

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana lulluɓe da wata siririyar fata ta maiƙo. Maiƙon, wanda masana ke kira fosfolifid, halinsa biyu: kansa yana son ruwa, jelarsa tana gudun ruwa. In aka zuba shi cikin ruwa aka girgiza, da kansa yake jeruwa sahu biyu, jela ta fuskanci jela, kawuna su kalli ruwa ciki da waje, sannan sahun ya lanƙwashe ya haɗe bakinsa, ya kulle ɗan ruwa a tsakiya. Wannan ƙullin shi ne lifosom. Kamar ruwan leda yake, sai dai ledar ta maiƙo ce irin wanda jiki ya saba da shi, kuma yana iya narkar da ita in ta gama aiki.

Ma'aji biyu gare shi. Maganin da ke narkewa a ruwa ya shiga tsakiya, wanda ba ya narkewa sai a mai ya maƙale a cikin fatar. Ana ƙara wani nau'in maiƙo, kolestarol, don fatar ta yi ƙwari, kada ta riƙa yoyo. Faɗin waɗanda ake amfani da su a maganin kansa nanomita 100 ne ko ƙasa da haka kaɗan, wato sai an jera guda 10,000 kafin su cika milimita ɗaya. Ƙwayar jan jini ɗaya ta ninka shi faɗi sau 70 zuwa 80.

Sabon abu ne?

Ya girmi da yawa daga cikin likitocin da ke rubuta shi. Alec Bangham, wani likitan jini ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta Babraham kusa da Kambirij, shi ya fara ganin waɗannan jakunkuna a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa bayaninsu a 1964 da 1965. Abin da ke gabansa a lokacin shi ne fahimtar fatar ƙwayar halitta. Sai a farkon shekarun 1970 Gregory Gregoriadis, a Landan, ya nuna ana iya ɗura musu magani a tura su cikin jini.

Nan aka ci karo da cikas. Hanta da saifa suna cike da ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon abin da ya biyo jini, kuma lifosom na farko ba sa daɗewa sai a share su. Kusan shekara 20 aka yi ana fama. Wajen 1990 aka samo mafita: a dasa wa bayan ƙullin wani sinadari mai suna PEG, wanda ke janyo ruwa ya lulluɓe shi, har garkuwar jiki ta yi jinkirin gane shi. Da wannan dabarar, da aikin Yechezkel Barenholz da Alberto Gabizon a Birnin Ƙudus, aka samar da Doxil, wato maganin kemo doksorubisin a ƙulle cikin lifosom. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Nuwamba na 1995, Turai ta bi baya a 1996 da sunan Caelyx. Shekara 30 ke nan daga ɗakin bincike zuwa gadon maras lafiya.

Me ya sa aka fara da doksorubisin?

Saboda magani ne mai ƙarfi da yake da babban aibi guda. Asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya ce da aka samu a ƙasar wani yanki na kudancin Italiya, kusa da tsohuwar fadar Castel del Monte. An fara amfani da shi a Amurka a 1974, har yau kuma ginshiƙi ne a maganin kansar mama, da limfoma (kansar ƙwayoyin garkuwar jiki), da wasu kansoshin yara. Masu karɓar kemo sun san shi ko ba su san sunansa ba: shi ne jan ruwan nan da ke cikin sirinji, wanda ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu.

Aibinsa a zuciya yake. Yana lahanta tsokar zuciya a hankali, lahanin kuma taruwa yake yi, ba ya gogewa. Shi ya sa likitoci ke lissafa duk abin da mutum ya karɓa a rayuwarsa, su tsaya in ya kai wajen miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Sai ka ga mace tana samun sauƙi, ƙarin yana motsewa, amma dole a janye maganin don kada zuciya ta kasa. Wannan ita ce matsalar da lifosom ya zo warwarewa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da zuciya bangonsu a matse yake, ƙulli mai nanomita 100 ba ya samun ƙofar fita, sai ya wuce da maganin a cikinsa.

To yaya ƙullin yake gane inda kansar take?

Ba ya ganewa. Wannan shi ne abin da masu talla suka fi ɓatawa, don haka bari in tsaya a kansa.

Lifosom ba shi da ido, ba shi da hanci. Yawo kawai yake yi a cikin jini, ya daɗe yana yi. Doksorubisin da ba a ƙulle ba, cikin 'yan mintoci mafi yawansa ya bar jini ya watsu a jiki. Na cikin ƙulli kuwa sai an yi wajen awa 55, wani lokaci fiye, kafin rabinsa ya bar jini. A wannan doguwar kewayawa yana bi ta cikin ƙarin sau da yawa. Shi kuma ƙari, da yake girma yake yi cikin gaggawa, jijiyoyin da yake tsirarwa ba su ginu da kyau ba, bangonsu da ramuka. Magudanan da ke kwashe ruwa daga cikinsa su ma ba sa aiki sosai. Sai ƙullin ya zurare ta ramin, ya rasa hanyar komawa, ya zauna yana sakin magani a hankali. Masana biyu 'yan Japan, Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda, su suka bayyana wannan hali na ƙari a 1986.

A kan takarda abin gwanin sha'awa. A jikin mutum kuwa ba kowane ƙari ke yoyo haka ba. Wani yana yi, wani ba ya yi, wani gefensa ɗaya ne ke yi. Kansar fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, a cushe take da tauri, magani da ƙyar yake ratsa ta. A 2016 ɗakin binciken Warren Chan a Jami'ar Toronto ya tattara binciken shekara 10 da aka yi a kan dabbobi, ya gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na abin da aka ɗura yake isa ƙari. Mafi yawan sauran a hanta da saifa yake ƙarewa. Wasu masana sun soki lissafin, suka ce ma'aunin gaskiya shi ne ko maras lafiya ya amfana, kuma suna da hujja. A 2020 wannan ɗakin binciken ya sake fitar da sakamakon da ke nuna cewa a jikin ɓeraye yawancin ƙananan ƙwayoyin ba ta ramuka suke shiga ba, ƙwayoyin bangon jijiyar ne ke ɗaukar su su tsallakar da su. Har yanzu ana muhawara a kai. Abin da ba a musu a kansa shi ne ƙullin yana canza inda magani ke zuwa da tsawon zamansa a jiki.

Yaya ake cusa maganin a cikin abu ƙanƙane haka?

Da wayo, ba da ƙarfi ba. Ana fara haɗa ƙullin da wani gishiri, amoniyam salfet, a cikinsa, sannan a wanke na waje. Bambancin da ke tsakanin ciki da waje sai ya riƙa jan doksorubisin yana ratsa fatar. Da ya shiga ya haɗu da salfet, sai ya daskare, ya kasa fita. Ta haka ake ƙulle fiye da kashi 90 cikin 100 na maganin. Wannan dabarar ta Barenholz ita ce rabin nasarar Doxil, domin ƙullin da ya zubar da kayansa a hanya bai tsinana komai ba.

Yana warkar da kansa fiye da kemo na yau da kullum?

Wani lokaci ya fi, sau da yawa daidai suke, kuma lambobi sun fi baki faɗin gaskiya.

A 2004 aka wallafa wani gwaji da aka yi da mata 509 masu kansar mama da ta bazu. Rabi suka karɓi na ƙulli, rabi suka karɓi doksorubisin zalla. Lokacin da aka ɗauka kafin cutar ta sake motsawa wata 6.9 ne ga masu ƙulli, wata 7.8 ga masu zalla, tsawon rayuwa kuma wata 21 da wata 22. Wato babu bambancin a zo a gani. Amma haɗarin lahanin zuciya ya ninka kusan sau uku a wajen masu karɓar zalla. Zubewar gashi ta sami kashi 66 cikin 100 na masu zalla, kashi 20 na masu ƙulli. Tashin zuciya da amai su ma sun ragu. Wannan gwajin shi ne hoton lifosom a taƙaice: ƙarfi ɗaya, wahala daban. Kada kuma a raina hakan. Ga matar da zuciyarta ta riga ta yi rauni, ko wadda ta cinye kasonta na doksorubisin a zagayen farko, shi ne bambancin a ci gaba da magani ko a tsaya.

Akwai inda ya ƙara kwanaki. A kansar ƙwan mace da ta dawo bayan magani, gwajin CALYPSO na mata 976 ya nuna haɗin karbofilatin da doksorubisin na ƙulli ya riƙe cutar wata 11.3, haɗin karbofilatin da faklitaksel kuma wata 9.4. Onivyde, wato irinotekan a cikin lifosom, ya sami amincewa a 2015 don kansar fankiriyas bayan haɗa shi da wasu magunguna ya ɗaga tsawon rayuwa daga wata 4.2 zuwa 6.1. A 2024 aka amince da shi a matsayin maganin farko cikin wani haɗi, da wata 11.1 a kan 9.2.

Wanda ya fi burge ni shi ne Vyxeos, na 2017. Magani biyu ne tsofaffi, sitarabin da daunorubisin, da aka daɗe ana bayarwa tare don wata kansar jini mai saurin kisa. An gano sun fi aiki in suka isa ƙwayar kansa a ma'aunin 5 da 1, amma in aka ɗura su daban-daban jiki yakan wargaza ma'aunin. Sai aka ƙulle su tare a wannan ma'auni. A gwajin mutum 309 masu shekara 60 zuwa 75, tsawon rayuwa ya tashi daga wata 5.95 zuwa 9.56, bayan shekara biyar kuma kashi 18 cikin 100 suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 8. Nan ƙullin ya yi abin da sirinji biyu ba za su iya ba.

Duk wanda ya karanta waɗannan lambobi zai ga watanni ake magana, kuma a kan cutar da ta riga ta yi nisa. Kansar mama da aka kama da wuri, aka yi tiyata, aka bi da kemo na yau da kullum da gasa wurin da hasken na'ura, ta fi samun waraka nesa ba kusa ba a kan wadda aka kawo a makare, ko da maganin da ya fi kowanne tsada aka tare ta.

Me ya haɗa shi da masu ɗauke da cutar ƙanjamau?

Da su ya fara. Amincewar farko da aka yi wa Doxil a 1995 don kansar Kaposi ce, wadda ke fitowa da baƙaƙen tabo ko ƙuraje masu tauri a ƙafa, da fuska, da cikin baki, tana kuma kumbura ƙafa, musamman ga wanda garkuwar jikinsa ta faɗi. Ƙarin Kaposi kusan duk jijiyoyin jini ne masu yoyo, don haka ƙullin yana taruwa a cikinsa sosai. A wani gwaji na mutum 258 da aka wallafa a 1998, kusan kashi 46 cikin 100 na masu karɓar na ƙulli sun ga tabon ya ja baya, a tsohon haɗin magani uku kuwa kusan kashi 25.

Abin takaici, mafi yawan masu Kaposi a duniya a Afirka kudu da Sahara suke, inda maganin ya fi wuyar samu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna don wannan cutar, shekara 28 bayan ya fito. Faklitaksel shi ma yana aiki da kyau a kan Kaposi. Ko wanne aka zaɓa, shan maganin rage kaifin ƙanjamau kullum ba fashi shi ne tushe, wani lokaci ma shi kaɗai yakan isa in tabon bai yi yawa ba.

Wace irin wahala yake kawowa?

Ya sauke wa zuciya kaya, ya ɗora wa fata. Da yake yana daɗewa a jini, yakan zubo a ƙananan jijiyoyin tafin hannu da tafin ƙafa, inda ake yawan gogayya da zafi da gumi. A gwajin nan na mata 509, kashi 48 cikin 100 na masu ƙulli sun sami wannan matsala, a masu zalla kashi 2 kawai. Yakan fara ne bayan zagaye na biyu ko na uku: ƙaiƙayi ko jin kamar tsira, sai zafi, sai kumburi, sai fatar ta tsage ko ta ɗaye, har mutum ya kasa ɓalle maɓallin riga ko taka ƙasa. Littattafan likitanci suna cewa a duba jan fata, amma a baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Sau da yawa tafin duhu yake ƙarawa, ya yi sheƙi. Maras lafiya ya faɗi da wuri, tun yana jin ƙaiƙayin, kada ya jira sai ya ga rauni.

A ƙasa mai zafi irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mata ya fi shafa. Daka, wanki, tuƙin tuwo a gaban murhu, tafiya mai nisa cikin matsattsen takalmi a watan Afrilu, duk suna tsananta shi. A makon da ya biyo bayan ƙarin maganin, 'yan gida su ɗauke mata waɗannan ayyuka. Ta guji ruwan zafi, ta riƙa tsoma hannu da ƙafa a ruwan sanyi, ta shafa mai marar turare, ta sa sakakkun kaya. In abin ya yi tsanani likita yakan jinkirta zagaye na gaba ko ya rage yawan maganin.

Akwai kuma gyambon baki, wanda ke hana cin abinci. Akwai abin da kan faru a lokacin da ake ɗura maganin, galibi a karo na farko, ga kusan mutum 1 cikin 10: fuska ta ɗau zafi, ƙirji ya riƙe, baya ya ƙulle, numfashi ya yi wuya. Garkuwar jiki ce ke mayar da martani ga ƙullin. Shi ya sa nas ke fara sakin ruwan a hankali, miligiram ɗaya a minti, tana tsaye a kai. In an tsayar, aka ba da maganin da ya dace, yawanci yana lafawa a ci gaba.

Sannan yana rage fararen ƙwayoyin jini kamar sauran kemo. Zazzaɓi da ya kai maki 38 ga mai karɓar kemo ba abin da za a ce maleriya ce a sayo magani a kyamis ba ne. A tafi asibiti a daren, ko ƙarfe nawa ne.

Ke nan zuciya ta tsira gaba ɗaya?

A'a. Haɗarin ya ragu, bai gushe ba. Ana duba ƙarfin bugun zuciya da na'urar hoto kafin a fara, a riƙa maimaitawa, ana kuma haɗa lissafi da duk doksorubisin ɗin da aka taɓa karɓa a baya. Wanda ya canza asibiti ya tafi da takardunsa na kemon farko.

Maiƙon na mene ne? Akwai na alade a ciki?

Tambaya ce da ta dace, kuma amsarta tana rubuce a takardar da ke cikin kwali. Babban maiƙon Doxil da Caelyx daga waken suya ake samo shi. Myocet, wani doksorubisin na ƙulli marar PEG da Turai ta amince da shi a 2000, da maiƙon ƙwai aka yi shi. Kolestarol ɗin da ake sa wa magunguna akasari daga maiƙon gashin tumaki yake fitowa, akwai kuma wanda ake haɗawa daga tsirrai. Mai son tabbaci kan wani kamfani na musamman ya nemi mai harhaɗa magunguna na asibiti ya duba masa.

Wani abu da ya fi gaggawa: takardar Caelyx ta hana ba da shi ga wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko waken suya. Wanda cin gyaɗa ke sa wa borin jini ko kumburin fuska ya faɗa wa likita kafin a rataya ruwan.

Mai ciki ko mai shayarwa fa?

Yana iya cutar da ɗan tayi, kuma ba a shayarwa ana karɓarsa. Miji da mata su tattauna da likita kan tazarar haihuwa a lokacin magani da watannin da ke biye, ko da mijin ne ke karɓa.

Likita ya rubuta na ƙulli, kuɗinmu bai kai ba. Za mu iya sayen na zalla a madadinsa?

Kada ku musanya da kanku, kada kuma mai shago ya musanya muku. Sunan maganin ɗaya ne, amma awonsa da tazararsa daban. Na ƙulli a kansar ƙwan mace ana ba da miligiram 40 zuwa 50 a kan murabba'in mita duk mako huɗu, a Kaposi miligiram 20 duk mako biyu ko uku. Rikita su yana iya kisa, gargaɗin ma a rubuce yake a takardar maganin. Ku duba kwalin: in na ƙulli ne za a ga kalmar liposomal kusa da sunan.

Abin yi shi ne ku koma wurin likita ku faɗa masa gaskiyar aljihunku, ba kunya a ciki. Ku tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan. In dalilin zuciya ce, ko an riga an cinye kason na zalla, ko kansar ƙwan mace ce da ta dawo, to kuɗin yana da hujja. In babu irin wannan dalili, sau da yawa akwai wani haɗin da ya fi sauƙi wanda aikinsa bai gaza ba. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna Najeriya tana samun sabbin masu kansa kusan 128,000 a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa, mafi yawan iyalai daga aljihunsu suke biya. Na fi jin tsoron gidan da zai sayar da gona ya sayi zagaye biyu na magani mai tsada sannan ya tsaya, a kan gidan da ya kammala zagaye shida na mai araha.

Me ya sa yake da tsada haka, kuma na Indiya daidai yake da na asali?

Haɗa shi ne ke da wuya. Dole girman ƙullin ya zo ɗaya, yawan maganin da ke ciki ya zo ɗaya, saurin sakinsa ya zo ɗaya, duk a cikin tsabtar da ba ƙwayar cuta ko ɗaya. A 2011 masana'anta guda da ke yin Doxil a jihar Ohayo ta Amurka ta sami matsalar inganci, maganin ya yanke a kasuwa, mata masu kansar ƙwai suka shiga layin jira. A 2012 hukumar Amurka ta ba da izinin shigo da Lipodox na kamfanin Sun Pharma daga Indiya na wucin gadi, a 2013 kuma ta amince da samfurin kamfanin a matsayin madadin Doxil. Don haka fitowa daga Indiya ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne wane kamfani, wace hukuma ta tantance shi, kuma ta wace hanya ya iso hannunka. A Najeriya a nemi lambar NAFDAC, a kuma saya ta kantin maganin asibitin da ake jinya in da hali.

Ajiya ita ce inda aka fi yin asara. Ana ajiye shi a firji tsakanin maki 2 da 8, ba a yarda ya daskare ba, domin daskarewa na iya fasa ƙullin, maganin ya zube ya koma zalla ba tare da kowa ya sani ba. Kwalbar 'yar ƙarama ce, miligiram 20 a mililita 10, ruwan ja ne mai ɗan hazo. Wanda ya saya a wani gari ya ɗauko a kula, da ƙanƙara a naɗe cikin tsumma don kada ta taɓa kwalbar kai tsaye. A asibiti da ruwan sukari mai kashi 5 cikin 100 ake sirka shi, ba da ruwan gishiri ba.

Ina ganin ana tallan bitamin C da kurkum na lifosom a Facebook da WhatsApp, wai suna kashe kansa. Gaskiya ne?

Ƙarya ne. Ba wani gwaji a kan mutane da ya nuna bitamin C ko kurkum na sha, a ƙulle ko a sake, yana warkar da kansa. Magungunan da muka yi magana a kansu ta jijiya ake ba da su, an gwada su a kan ɗaruruwan marasa lafiya, an ƙirga waɗanda suka rayu da waɗanda suka rasu. Abin da aka haɗiya kuwa sai ya gamu da ruwan ciki da maɗaci, waɗanda aikinsu ke nan narkar da maiƙo. Ɓarnar da wannan talla ke yi ba a kuɗi ta tsaya ba. Watanni ukun da aka ɓata ana shan kwalba su ne watannin da ƙari ke tsallakawa daga mama zuwa hammata. Wanda ke kan kemo kuma ya nuna wa likitansa duk abin da yake sha, har da na gargajiya.

Da allurar rigakafin korona da lifosom abu ɗaya ne?

'Yan uwa ne, ba tagwaye ba. Rigakafin Pfizer da na Moderna na 2020 suna amfani da ƙwayoyin maiƙo masu irin wannan girma don kare mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwayar halitta abin da za ta ƙera, amma cikinsu a cushe yake, kuma an ƙara wani maiƙo na musamman da ke taimaka wa saƙon ya kuɓuta bayan ƙwayar halitta ta haɗiye shi. Shekarun da aka yi ana koyon haɗa lifosom su suka share musu hanya. Akwai kuma ɗan uwa na kusa da ba na kansa ba, AmBisome, wanda ake ba masu kala-azar, wani zazzaɓi mai kumbura saifa, a wurare irin su Gadarif ta Sudan, da masu sanƙarau na fangas cikin masu ƙanjamau. Shi ma labarin ɗaya ne: tsohon magani mai lalata ƙoda, aka ƙulle shi, ƙoda ta sami sauƙi.

Me ake jira nan gaba?

An daɗe ana son ƙullin da zai nemi ƙwayar kansa da kansa. An gwada maƙala masa sinadarin da ke kama alamar HER2 ta wasu kansoshin mama, aka kira shi MM-302, amma aka dakatar da gwajin a 2016 don bai nuna fifiko ba. An gwada wanda ke fashewa in ya ji zafi, ThermoDox, tare da ƙona ƙarin hanta da allura mai zafi. Da ya yi nasara da ya amfane mu ƙwarai, domin kansar hanta tana kashe matasa a Afirka ta Yamma saboda ciwon hanta nau'in B da gubar fumfunar gyaɗa da masara. Babban gwajinsa na farko ya gaza a 2013, na biyu aka tsayar da shi a 2020. Marqibo, binkiristin na ƙulli da aka amince da shi a 2012, an janye shi a 2022.

Inda hankali ya koma yanzu shi ne amfani da ƙwayoyin maiƙo wajen kai saƙon mRNA da zai koya wa garkuwar jiki gane ƙarin mutum. A watan Disamba na 2022 kamfanonin Moderna da Merck suka sanar da sakamakon gwajin mutum 157 masu kansar fata ta melanoma da aka yi wa tiyata: haɗa allurar da Keytruda, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, ya rage haɗarin dawowar cutar ko mutuwa da kashi 44 cikin 100 a kan Keytruda kaɗai. An fara babban gwaji a 2023. Kowace allura ta mutum ɗaya ce, sai an yanko ƙarinsa an karanta ƙwayoyin gadonsa sannan a haɗa masa tasa, aikin da ke cin makonni, yana kuma buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da sanyin ajiya da ba ya yankewa.